Dutsen Ittu Mai Gurbi Biyar

Ranar da Ustaza Najat ta gaya wa matan ajin yaƙi da jahilci na ƙauyen Tazart cewa tukuicin gama shekara shi ne za ta kai su su ga tsoffin ramukan azurfa na Bu Nukra, Lalla Ittu ce ta fara buɗe baki, kamar yadda ta saba.

"Ustaza, rami kuma? Mu da kowacce nata ramin yana jiranta a bayan masallaci, shi ne za ki zuba mu a mota mu je kallon na wasu?"

Aji ya kwashe da dariya. Tuda, maƙwabciyarta, wadda katanga ɗaya ta raba su shekara arba'in da wani abu, ta zungure ta da fensir.

"Ke dai ki ce tsoron mota kike ji. Ran da muka je asibiti a Tinghir, wa ya riƙe mini hannu har ya bar mini shatin farce?"

"Don kada ki faɗo na riƙe ki."

Ustaza Najat ta bari suka gama, sannan ta rubuta ranar tafiyar a allo, ta ce Ittu ta karanta. Ittu ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta ce Alhamis, ta juya ta harari Tuda.

Ranar Alhamis ɗin, da ta idar da sallar asuba, ba ta fasa aikinta na kullum ba. Ta tsame ƙwallon dabinon da ta jiƙa tun jiya, ta yaye buzun da take rufe dutsenta da shi, ta zauna ta fara fasa wa tumakinta huɗu abin kari. Dutse ne baƙi mai faɗi, yana da gurbi biyar. Na farko mai zurfi ne, a nan ake fasa ƙwallo. Daga nan ana tura shi gurbi zuwa gurbi, kowanne bai kai na bayansa zurfi ba, har ya isa na biyar, wanda bai wuce tafin hannu ba, inda yake zama gari.

Marigayi mijinta Addi ne ya kawo shi. Lokacin aurensu makiyayi ne, ba shi da komai sai sanda da awakin mutane, kuma ya yi mata alkawarin awarwaron azurfa irin na kowace amarya, abin bai samu ba. Mako guda da biki sai ya aro raƙumi, ya ɓace kwana biyu, ya dawo da wannan dutse.

"Daga Bu Nukra na ɗauko miki," in ji shi. "Azurfar da dutsen nan ya ci, duk matan kwarin nan ba su taɓa sa rabinta ba."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. A na huɗu ta gwada fasa ƙwallo a kai, shi ke nan fushi ya wuce. Awarwaron ya zo bayan shekara goma, yana nan cikin akwati, sai biki take fito da shi. Dutsen kuwa kullum sai ta taɓa shi, kuma babu macen Tazart da ba ta taɓa zama gabansa da kwanon ƙwallonta ba, ana fasawa ana gulma. Shekara shida ke nan da rasuwar Addi.

Su goma sha biyu suka shiga mota, da gurasa, da dafaffen ƙwai, da man zaitun, da butar shayi. Ittu ba ta taɓa zuwa Bu Nukra ba, ko da yake tafiyar ba ta wuce awa biyu ba. Da motar ta tsaya a gindin tsauni, wani dogon mutum mai furfura ya fito daga wani ɗan ɗaki, da usur rataye a wuya, da jakar takardu a hammata. Tuda ta tafa hannu.

"La! Ashe Si Bassu mai wasiƙa ne!"

Shi ne kuwa. Shekara goma sha tara ya yi yana kai wasiƙu ƙauyukan kwarin a kan babur, kafin ya yi ritaya ya koma yi wa baƙi jagora a madadin ƙungiyar da ke kula da wurin. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da na 'ya'yansu da ke ci-rani.

"Halti Ittu," ya ce, wato goggo a yarensu, "yaya ɗanki Ishu? Har yanzu yana Agadir?"

"Yana can. Yanzu ta waya yake yi mini ƙarya, ba ta takarda ba."

Ya raba musu hulunan kwano, suka ɗora a kan ɗankwali, kowacce tana nuna 'yar'uwarta tana dariya. Ya hura usur, ya ce a bi shi a layi, kada wadda ta taɓa bango. Suka shiga wani kogo da mutanen dauri suka sassaƙa da hannu, sai an sunkuya. Ya haska musu rufin da tocila, baƙi ƙirin. Ya ce wuta suke hurawa a jikin dutsen har ya yi zafi, su watsa masa ruwa ya tsage, sannan su bi da guduma. Ya nuna musu 'yan gurabe a bango inda ake ajiye fitilar mai.

"Kai, waɗannan mutane sun sha hayaƙi," in ji Ittu. "Ni da murhu ɗaya ma idona ya gama lalacewa."

Da suka fito, Tuda ta tsinci wani dutse mai ƙyalli ta cusa a cikin zani. Si Bassu ya gani ta wutsiyar ido.

"Halti Tuda, ki tafi da shi in kina so, amma ko zoben jariri ba za ki samu a ciki ba. Mai azurfar ba ya ƙyalli. Toka-toka ne, mummuna."

"Kamar ke ke nan," in ji Tuda ga Ittu. "Wataƙila akwai azurfa a cikinki."

Suka wuce tudun kashin maƙera, inda aka riƙa narkar da ƙarfe shekaru aru-aru, suka gangara wani fili cike da duwatsun niƙa, wasu a fashe, wasu a kife, kowanne da gurbi ɗaya ko biyu. A nan ake dandaƙa dutsen azurfa kafin a wanke shi a kai wuta. A tsakiyar filin akwai wani wuri fayau, babu komai, an kewaye shi da ƙananan duwatsu masu farin fenti. Nan Si Bassu ya tsaya, ya gyara murya, ya buɗe jakarsa.

"A nan sarkinsu yake," ya ce. "Babu irinsa a duk tsaunin nan. Gurbi huɗu gare shi. Wani Bature mai awon ƙasa ya ɗauki hotonsa shekara hamsin da suka wuce. Da ya dawo bayan shekara biyu, wayam. Ɓarawo ya ɗauke shi. Ɓarawo marar kunya, wanda bai san darajar kakanni ba."

Ya ce wasu sun ce da jirgi mai saukar ungulu aka ɗaga shi, aka kai shi wani gidan tarihi a Turai. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana rubuta wasiƙu, guda arba'in da uku, zuwa Faransa da Sifen da Jamus. Wasu sun amsa da ladabi cewa ba ya wurinsu, wasu ko uffan.

"Matata cewa take na auri dutse. Amma wata mai zuwa zan tafi Faransa wurin ƙanena, in bi gidajen tarihin nan ƙofa-ƙofa da ƙafata."

Ya miƙa hoton a zagaya da shi. Tuda ce ta fara karɓa. Ta duba, ta ƙara kusanto da shi, sai tari ya sarƙe ta. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta duba ta ɗaga kai tana kallon sama kamar mai neman hadari. Haka hoton ya bi hannu goma sha ɗaya, duk wadda ya bari sai ta yi tsit. Ustaza Najat kaɗai, da yake baƙuwa ce a Tazart, take ta cewa, "Kai, abin tausayi."

Da ya iso hannun Ittu, kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Dutsenta ne, har da 'yar tsagar da ke gefensa inda take share gari. Amma ba wannan ya riƙe mata ido ba. A bakin dutsen wani saurayi makiyayi yana zaune, an sa shi don a ga girman dutsen, inuwar rawani ta rufe masa fuska, alkyabbarsa ta bazu a gefe. Ƙafarsa ta hagu babu takalmi, takalmin yana ajiye kusa da shi. Duk duniya mutum ɗaya ta sani da ba ya iya zama sai ya cire takalmin hagu. Ba ta da hoton Addi ko ɗaya sai na katin shaida, wanda aka ɗauka bayan haƙoransa sun zube.

Tuda ta matso ta raɗa mata a kunne.

"Don girman Allah, yau ɗaya dai ki ɗaure bakin nan naki."

Ittu ta gyaɗa kai, ta mayar da hoton. Lissafin a fili yake. In ta yi magana, Addi ya zama ɓarawo marar kunya a gaban mata goma sha ɗaya da malama da direba, kuma kafin Juma'a a zo a ɗauke mata dutse. In ta yi shiru, Si Bassu ya je Faransa ya sha iska ya dawo, babu wanda ya mutu. Ta ƙudura a ranta ko kalma ɗaya ba za ta ce ba.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar wani dutse, aka hura gawayi, Tuda ta ɗora shayi. Aka fasa ƙwai, aka barbaɗa gishiri, aka tsoma gurasa a mai. Ittu ta ci kaɗan. Si Bassu kuwa, da ya ga ya samu masu saurare da ba sa katse shi, sai ya ɗauki tsinke ya zana dutsen a ƙasa.

"Kun san dalilin gurbi huɗu? Na daɗe ina nazari. Ma'aikata huɗu ne ke zama, kowa da gurbinsa, biyu nan, biyu can. Har wani malamin jami'a na rubuta wa, ya ce maganata tana kan hanya."

Ittu ta ciji leɓe. Ta kalli tudu, ta kalli butar shayi.

"Kowa yana dukan nasa," in ji Si Bassu, yana kwatantawa da hannu daga sama kamar mai faskare, "da ƙarfi, haka!"

"In ka doka haka, rabinsa a idonka zai ƙare."

Maganar ta fita kafin Ittu ta kama ta. Tuda ta taka mata ƙafa. Si Bassu ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tsofaffi.

"To, Halti, yaya ake yi?"

"Ba a ɗaga hannu. Dannawa ake yi a murza. Kuma mutum huɗu ina za su sa gwiwoyinsu? Ai sai su yi ta karo. Mutum ɗaya ne, yana turawa daga mai zurfi zuwa marar zurfi."

"Ra'ayi ne mai kyau, amma gurbi huɗun nan..."

"Biyar ne."

Tuda, da ke zuba shayi daga sama, ta zuba shi a kan faranti, kofi yana gefe. Si Bassu ya ciro hoton ya ƙirga da yatsa.

"Huɗu ne, Halti. Ga su."

Ittu ta ga babu sauran hanyar komawa. Ta goge hannunta a zani, ta gyara zama.

"Na biyar yana ƙarƙashin alkyabbar wannan da ke zaune. Ƙarami ne, shi ne na laushi."

"A ina kika gan shi?"

"A tsakar gidana."

"Yaushe?"

"Yau da asuba. Tumakina sun karya da abin da na niƙa a kai."

Ta ba shi labarin duka, da awarwaron da bai samu ba, da raƙumin aro, da fushin kwana uku.

"Wannan na hoton shi ne Addi. Kuma kalma ɗaya nake so ka janye, ɗana. Mijina ba ɓarawo ba ne. Lokacin da ya ɗauke shi babu ƙungiya, babu farin fenti, babu kai da usur ɗinka. Awaki ne ke hawa kansa suna abin da suka ga dama."

Si Bassu ya zauna daɓas a ƙasa. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Tazart," ya ce a hankali. "Jamus na rubuta wa. Shekara goma sha tara ina shiga Tazart."

"Ai ka ma sha zama a kansa," in ji Tuda, da ta ga asiri ya riga ya tonu. "Duk ran da ka kawo wasiƙar Ishu, ina take zaunar da kai ta ba ka shayi? Wannan mai buzu a kai, kusa da garken tumaki. Har cewa kake kujerar nan ba ta da daɗi, duk ramuka."

Wata daga baya ta fara ƙyalƙyalewa, ta toshe baki da mayafi. Sai Si Bassu da kansa ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo masa, yana buga cinya yana cewa, "Wasiƙa arba'in da uku!" Mata suka taya shi, har direba. Ittu kaɗai ba ta yi ba, don bai ce ya janye kalmar ba, bai kuma faɗi abin da zai faru da dutsen ba. Da za su tafi ya gaishe ta da ladabi, ya ce zai leƙo.

Suka koma gida. Washegari Ittu ta je kanti ta sayo curin sukari mai tsini, a naɗe cikin shuɗiyar takarda, irin wanda ake kaiwa gidan da aka yi wa laifi. Ta ajiye shi a kan taga. Ta yi niƙanta a hankali fiye da kullum.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Si Bassu ne, cikin farar jallabiya, rungume da curin sukari a shuɗiyar takarda. Ittu ta dubi nasa, ta shiga ɗaki ta fito da nata. Suka tsaya a tsakar gida kowa da curinsa kamar masu riƙe da tagwaye. Tuda, da kanta ya riga ya bayyana a saman katanga, ta ce, "To, wa zai fara kuka?"

"Ni zan fara," in ji Si Bassu. "Halti, na zagi mijinki shekara goma sha ɗaya a gaban baƙi, ban san shi nake zagi ba. Na janye. Duwatsun da suka zauna a can, rabinsu an farfasa an yi katanga da su. Naki ko ƙwarzane babu. Ki yafe mini."

"Na yafe. Ni ma ka yafe mana wahalar tambarin wasiƙa."

Suka yi musayar sukari. Sannan ya durƙusa, ya ɗaga buzun da hannu biyu, ya ƙirga a bayyane har biyar. Ittu ta kawo ƙwallo ta zauna ta nuna masa, danna, murza, tura. Ya ciro littafi yana rubutawa, ya gwada da kansa, ya murje yatsa, Tuda ta ce malamin jami'a ya zo ya gani.

Da aka sha shayi, ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba, ina son in gan shi a wurinsa kafin in mutu. Amma ba zan zo da kowa in ɗauke shi ba. Maganar tana hannunki."

Ittu ta daɗe tana shafa gefen dutsen. Kwana biyu ke nan tana juya abin. Ta tuna wurin nan fayau da farin fenti ya kewaye, da kuma yadda mutumin nan ya tsaya a gabansa.

"Ya yi mini aiki shekara arba'in da takwas," ta ce. "Ya isa ya koma gida. Amma da sharaɗi uku. Za ka ba ni hoton nan, babba, wanda zan gani ba tabarau. Za ka kafa allo kusa da shi a rubuta cewa gidan Addi na Tazart ne ya riƙe shi amana. Sunan kuma ni zan rubuta da hannuna."

"Na ukun fa?"

"Ka samo wa tumakina wani dutsen. Daga rafi, ka ji ko? Kada ka je ka sato mini na Bu Nukra, wani ya zo yana rubuta wa Jamus."

Mako biyu Ustaza Najat tana zama da ita bayan an tashi aji, tana riƙe mata hannu, har sunan ya daina karkacewa. Ranar da aka mayar da dutsen, a bayan motar ɗaukar kaya, a kan tsohuwar katifa, duk 'yan ajin suka raka shi da guɗa. Ittu ta karɓi buroshi ta rubuta sunan Addi a allon da baƙin fenti. Harafin ƙarshe ya ɗan zarce layi. Si Bassu ya ce kada wanda ya gyara.

Yanzu hoton yana rataye a ɗakinta, saitin inda take sallah, da saurayin da takalminsa na hagu a gefe. Dutsen rafin da Si Bassu ya kawo sumul yake, ko alamar gurbi babu, ƙwallo sai tsalle yake yi yana faɗawa gidan Tuda.

"Kafin wannan ya yi rami," in ji Tuda daga saman katanga, tana jefo mata ɗaya, "mu mun daɗe a namu na bayan masallaci."

"To sauko ki taya ni mu rage wa jikoki aiki," in ji Ittu, ta matsa mata wuri a kan buzun.